Soyayyar da Ba Ta Gaggawa: Tambayoyi da Amsoshi Kan Shirin Meet Yourself na Ƙasar Sin

Masu kallon shirye-shiryen ƙasar Sin masu dogon zango sun rabu gida biyu a kan wannan shiri. Wasu sun ajiye shi tun a kashi na biyar, suna cewa babu abin da ke faruwa a cikinsa. Wasu kuma sun kalle shi har ƙarshe, suka koma farko. Ina cikin rukuni na biyu, kuma amsoshin da ke ƙasa za su nuna hakan. Wanda bai kalla ba ya sani cewa daga tsakiya zuwa ƙasa an taɓa wasu abubuwan da ke faruwa a ƙarshen labarin.

Wane shiri ne wannan, kuma su wa suka yi shi?

Sunansa na Sinanci Qu You Feng De Difang, amma a wajen ƙasar an fi saninsa da Meet Yourself. An fara haska shi ranar 3 ga Janairun 2023 a tashar talabijin ta lardin Hunan da manhajar Mango TV. Kashi 40 ne, kowanne yana ɗaukar kimanin minti 45. Ding Ziguang ce ta ba da umarni, Shui Qianmo da Wang Xiongcheng suka rubuta labarin, kamfanin Huace kuma ya shirya shi.

Jarumar ita ce Liu Yifei, wadda aka haifa a birnin Wuhan a 1987. Da yawa sun san fuskarta daga fim ɗin Mulan na kamfanin Disney da ya fito a 2020. Jarumin kuwa Li Xian ne, haifaffen 1991, shi ma ɗan lardin Hubei kamar ita.

Mene ne labarin a taƙaice?

Xu Hongdou manaja ce a wani babban otal a Beijing. Ta shafe shekaru tana aiki ba dare ba rana, tana tara kuɗi, tana jiran ƙarin girma. Tana da aminiya, Chen Nanxing, wadda suka daɗe suna shirin zuwa lardin Yunnan hutu tare, amma kullum aiki ya sa a ɗage. Sai aka gano Nanxing tana da ciwon daji da ya riga ya yi nisa, ba a daɗe ba ta rasu. Hongdou ta ci gaba da zuwa aiki kamar ba abin da ya faru, har ranar da ta kasa. Ta ajiye aikin, ta kama ɗaki na wata uku a wani gidan saukar baƙi a ƙauyen Yunmiao da ke yankin Dali.

A can ta haɗu da Xie Zhiyao, ɗan ƙauyen, wanda shi ma ya yi karatu ya yi aiki a harkar zuba jari a Beijing, sannan ya bar albashi mai tsoka ya dawo gida. Yana da wurin kiwon dawaki na yawon baƙi, da shagon shan kofi, da ɗakin ajiya inda ake tattara kayan gonar mutanen gari ana sayarwa ta intanet, yana kuma tallafa wa masu sana'ar hannu. Burinsa matasa su samu abin yi a gida, yara su tashi a gaban iyayensu. Daga nan labarin ke tafiya, kwana bayan kwana, har wa'adin wata ukun ya matso.

Gaskiya ne sai an wuce rabin shirin kafin wani ya furta kalmar so? To me ake yi duk tsawon wannan lokacin?

Gaskiya ne. Kuma ko bayan an furta ɗin, sai da aka ƙara tafiya mai nisa kafin su zama masoya a fili.

Abin da ake yi shi ne zama tare da sanin juna. A kashin farko-farko Hongdou ba ta neman kowa. Barci take so, da abinci mai zafi, da yawo a lungu ba tare da waya tana ƙara ba. Ranar ma da ta iso gari wayarta ta faɗi ta lalace sakamakon guje-gujen yara. Zhiyao kuma baƙuwa ya ɗauke ta, irin waɗanda ke zuwa su tafi. Abin da ya fara jawo hankalinsa shi ne aikinta. Ta shiga shagon kofinsa ta ga yadda ake karɓar baƙi, idon wadda ta yi shekaru a otal ya hango kurakurai, ta faɗa ba tare da raini ba. Ita kuma ta ga yadda yake tafiyar da mutanensa: yadda yake sauraron tsofaffi ko da suna maimaita magana, yadda ya bi da ƙanensa Zhiyuan da ya gudu daga makaranta, ya bar shi ya ɗanɗani wahalar aikin gidan abinci da kansa maimakon ya jawo shi gida da ƙarfi.

Wannan shi ne ginshiƙin shirin a ganina. Kowannensu ya ga ɗan'uwansa yana hulɗa da wasu mutane, cikin gajiya da cikin fushi da cikin asara, tun kafin ya fara kallonsa a matsayin abin so. Saurayi na iya gyara murya da hali na awa biyu idan ya zo zance. Ba zai iya gyara su wata uku ba a gaban kakarsa da ma'aikatansa da maƙwabtan da suka san shi tun yana rarrafe. Saboda haka ranar da Zhiyao ya buɗe baki, mai kallo ya riga ya san dalilinsa ɗaya bayan ɗaya, domin a gabansa aka tara su.

Akwai kuma aikin kyamara da na 'yan wasan. Li Xian yana da wani kallo da yake yi idan Hongdou ta juya baya, kallon da yake janyewa da zarar ta waiwayo. Liu Yifei kuma ta iya nuna mace da ta gane abin da ke faruwa amma ta zaɓi ta yi kamar ba ta gane ba, saboda ba ta shirya ba. Wanda ke kallo yana danna waya da ɗaya hannun ba zai ga waɗannan ba, shi ne kuma zai fito yana cewa babu abin da ya faru.

Idan suna son juna, me ya hana su tun farko? Akwai mugu a labarin?

Babu mugu. Babu uwar miji mai tsana, babu tsohuwar budurwa mai makirci, babu wasiƙar da aka ɓoye, babu hatsarin mota da ke goge ƙwaƙwalwa. Wannan kaɗai ya bambanta shirin da yawancin takwarorinsa.

Abubuwa biyu ne suka tsaya a tsakaninsu, kuma dukansu na gaske ne. Na farko makoki. Hongdou ta zo Yunnan ne don ta cika alkawarin da ta kasa cika wa Nanxing tana raye. Tana ɗauke da nauyin wannan, kuma shirin bai yarda ya yi amfani da soyayya a matsayin maganin da zai share mutuwar aminiya cikin mako biyu ba. An ba ta lokaci ta yi kuka, ta yi dariya, ta sake yin kuka. Da Zhiyao ya matsa mata a wannan hali, da ya zama mai cin moriyar rauninta, kuma da mun raina shi.

Na biyu ranar tafiya. Ta biya kuɗin wata uku, kowa ya san ranar da za ta koma. Sana'arta ta manyan birane ce, iyayenta suna arewa a lardin Shandong, tsakanin Beijing da Dali kuwa ya haura kilomita 2,000. Shi kuma ya zuba dukiyarsa da sunansa a ƙauyen, mutane da yawa suna cin abinci ta hannunsa, kakarsa ta tsufa. Idan ya bi ta, ya watsar da mutanen da suka dogara da shi. Idan ta zauna saboda shi kawai, ta zama baƙuwa marar abin yi a garin wasu, ranar da aka samu saɓani kuma ba ta da komai a hannu. Su biyun sun haura shekara talatin, sun san wannan lissafi, kuma suna ganin girman juna har ba wanda zai iya cewa ɗan'uwansa ya sadaukar. Shi ya sa lokacin da Zhiyao ya bayyana mata zuciyarsa bai roƙe ta ta zauna ba. Ya faɗa ne don kada ta tafi ba ta sani ba. Ita ma ta tafi ɗin, kamar yadda ta tsara.

Ina ganin nan ne shirin ya fi ƙarfi. Jinkirin ya fito ne daga halin mutanen da yanayinsu, marubuta ba su ƙirƙiro shi don su ja mana rai ba.

Amma ba dabara ba ce kawai ta cika kashi 40?

Zargin yana da tushe, domin masana'antar ta yi suna da wannan. A da ana sayen shiri ne bisa yawan kashinsa, sai kamfanoni su riƙa miƙe labari zuwa kashi 60 ko 70 da maimaita tunane-tunane da hirar da ba ta kai ko'ina. Sinawa da kansu kan ce an zuba wa irin wannan shiri ruwa. A watan Fabrairun 2020 hukumar kula da rediyo da talabijin ta ƙasar ta fitar da sanarwa tana neman kada shiri ya wuce kashi 40, tana kuma ƙarfafa a riƙa yin masu 30 ko ƙasa da haka. Meet Yourself ya tsaya daidai kan wannan iyaka.

Ba zan ce kowane minti nasa zinariya ne ba. A kashi goma na ƙarshe akwai wuraren da aka daɗe a kan gyaran gini da taron kasuwanci fiye da yadda ya kamata. Amma hanyar gane shirin da aka zuba wa ruwa ita ce ka tsallake kashi uku ka ga ba ka rasa komai ba. A nan idan ka tsallake, za ka tarar mutum biyu sun sauya yadda suke zama kusa da juna, ba ka san lokacin da hakan ya faru ba.

Ƙauyen Yunmiao yana nan da gaske?

Sunan ƙirƙira ne, wuraren kuwa na gaske ne. An ɗauki gidan saukar baƙin da lungunansa a ƙauyen Fengyangyi, kudu da tsohon birnin Dali, a gindin tsaunukan Cangshan. An ɗauki wasu sassa a tsohon garin Shaxi da ke gundumar Jianchuan, wasu kuma a Xizhou. Fengyangyi da Shaxi duka suna kan tsohuwar hanyar fatake da ayarin dawaki da alfadarai ke bi da ganyen shayi daga Yunnan zuwa Tibet, don haka dawakin da ake gani a shirin suna da asali a wurin.

Dali tana kan tudu mai tsayin kusan mita 2,000 daga teku, tsakanin Cangshan mai ƙololuwa 19 da tafkin Erhai mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 250. Wannan tsayin ne ke ba wurin hasken rana mai kaifi da iska mai sanyi da ake gani a kusan kowane kashi. Yankin na 'yan ƙabilar Bai ne, waɗanda yawansu ya kai kimanin miliyan biyu. Sun taɓa yin daularsu, Masarautar Dali, daga shekarar 937 har zuwa 1253 lokacin da rundunar Mongol ƙarƙashin Kublai Khan ta ci ta da yaƙi.

Su wane ne sauran mutanen da ke gidan baƙin? Suna cinye lokacin masoyan?

Suna ɗaukar lokaci mai yawa, kuma sun cancanta. Akwai Damai, marubuciyar labarai a intanet mai tsananin kunya, wadda rubutu ya tsaya mata, iyayenta kuma suna so ta nemi aikin albashi. Akwai Nana mai aiki a shagon kofi, wadda a da take waƙa kai tsaye a intanet har aka yi mata taron dangi da zagi da ƙazafi, ta gudo ta ɓoye. Akwai Hu Youyu, mawaƙin da waƙa ba ta ciyar da shi yadda yake fata. Akwai Ma Ye, ɗan kasuwar da ya karye, ya koma zaman shiru a tsakar gida yana shan shayi. Kowannensu ya zo da abin da ya koro shi daga birni.

A ɓangaren 'yan gari kuma akwai Xiaochun, bazawara mai 'ya ɗaya wadda kusan duk harkokin Zhiyao a hannunta suke, da ƙanenta Xiaoxia, ɗan koyon sassaƙa da 'yan damfarar intanet suka wanke. Akwai Feng, dattijuwar da ɗanta ke gidan yari, tana aiki tana jiran ranar fitowarsa cikin kunyar idon mutane. Labarinta ya fi taɓa ni fiye da na kowa in ban da na masoyan. Sai kakar Zhiyao, wadda tsohuwar jaruma Wu Yanshu ta fito a matsayinta. Tun kafin jikanta ya yarda da abin da ke ransa ta gano shi, kuma ƙaunar da ta shiga tsakaninta da Hongdou tana da nata matsayi daban, domin Hongdou ta taso ne da shaƙuwa da kakarta ta wajen uwa wadda ta riga ta rasu.

Amfanin waɗannan mutane ga soyayyar shi ne su ne filin da ake gwada halin masoyan. Da babu su, da sai dai a gaya mana cewa Zhiyao mutumin kirki ne.

Wane irin rini ne ake nunawa, mai shuɗi da fari?

Rinin ɗauri ne na 'yan Bai, wanda garin Zhoucheng kusa da Xizhou ya fi shahara da shi. Ana zana fure ko malam-buɗe-littafi a kan farin ƙyalle, a ɗinke a ƙulle wuraren da zare, a tsoma a ruwan shuni da aka haɗa daga ganye, a fitar iska ta buge shi, a sake tsomawa har launin ya kama. Idan aka warware zaren sai zanen ya fito fari. Duk wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata a Kano zai gane aikin nan take, har da hannayen marina da suka rine, zai kuma gane damuwar: kayan masana'anta masu araha sun cika kasuwa, yara ba sa son gadon sana'ar. Gwamnatin Sin ta sa wannan rini cikin jerin al'adun gado na ƙasa a 2006. Shirin ya nuna irin wannan matsala a wajen masu sassaƙar katako, sana'ar da aka san Jianchuan da ita, inda tsohon malami ke kallon almajiransa suna watsewa saboda inji yana yin aikin wata guda a kwana ɗaya.

Me ya sa Sinawa suka karɓe shi hannu bibbiyu?

Lokacin fitowarsa ya taimaka ƙwarai. A watan Disambar 2022 ne ƙasar ta sassauta tsauraran matakan korona bayan kusan shekara uku na kulle da gwaji da takaita tafiya. Makonni kaɗan bayan haka sai ga shiri cike da sararin sama da gonaki da mutane suna cin abinci tare a tsakar gida. A hutun sabuwar shekarar gargajiya ta 2023 masu yawon buɗe ido suka yi wa Dali tsinke, Fengyangyi da ba kowa ya san shi ba ya cika da masu ɗaukar hoto. A shafin Douban, inda masu kallo ke ba da maki kuma ba su da sauƙin burgewa, shirin ya haura maki 8 cikin 10.

Akwai kuma gajiyar da ta daɗe tana taruwa. Matasan birane sun yi shekaru suna kuka da tsarin aikin da suke kira 996, wato daga tara na safe zuwa tara na dare, kwana shida a mako. Aure ma yana ja baya: an ɗaura aure kusan miliyan 13.5 a 2013, amma a 2022 adadin ya sauko ƙasa da miliyan 7. Ƙidayar 2020 ta nuna matsakaicin shekarun auren fari ya kai kusan 29. Mace kamar Hongdou, mai shekara talatin da 'yan kai, marar aure, marar gidan kanta a birnin da ta ba ƙuruciyarta, miliyoyi ne suka ga kansu a cikinta. Shirin ya ba su labarin da ba a kore ta zuwa aure da gudu ba, ba a kuma yi mata gorin shekaru ba.

Ba tallar manufar gwamnati ba ce ta mayar da matasa ƙauye?

Akwai wannan a ciki, ba sai an ɓoye ba. Tun 2017 gwamnatin Sin ta ɗauki farfaɗo da karkara a matsayin babbar manufa, a 2021 kuma ta kafa doka a kai. Ƙasar tana da 'yan ci-rani kusan miliyan 300 da suka bar ƙauyuka zuwa aiki, da yawansu sun bar yara a hannun kakanni. Zhiyao shi ne irin matashin da hukuma ke son a gani: mai ilimi, ya dawo da jari, yana aiki kafaɗa da kafaɗa da jami'in ƙauye. Kowane shiri a ƙasar sai ya bi ta hannun masu tacewa kafin a haska shi, kuma wannan bai ɗauko wani abu da zai ɓata musu rai ba.

Ƙauyen ma an wanke shi fiye da kima. Hongdou tana iya zaman wata uku ba albashi saboda tana da ajiya, abin da mafi yawan ma'aikata ba su da shi. Ba a tsaya sosai kan abin da ke biyo bayan cikar baƙi ba, kamar tsadar haya da gurɓatar ruwa, alhali a zahiri a 2017 hukumomi sun rufe ɗaruruwan masaukai da gidajen abinci a bakin tafkin Erhai na wani lokaci saboda ƙazantar ruwan. Tallace-tallacen kayayyaki da aka cusa cikin hira ma suna da yawa, wani lokaci har su katse maka jin daɗi.

Duk da haka shirin bai yi ƙarya kan talauci da kaɗaicin tsofaffi ba, bai kuma ce kowa ya koma ƙauye ba. Cikin mazauna gidan baƙin akwai waɗanda suka huta suka koma inda suka fito, kuma ba a nuna su a matsayin waɗanda suka yi kuskure ba.

Za a iya kallonsa tare da iyali?

Mafi yawansa, e. Sutura ta mutunci ce, babu tsiraici, babu zubar da jini. Amma a kashin ƙarshe-ƙarshe, bayan sun daidaita, akwai sumba da runguma, mai kallo da yara ko surukai ya san da haka. Akwai shan giya a wurare da dama, akwai kuma naman alade a cikin girke-girken, domin Yunnan ta yi suna da shi. Sauran abincin da ake yawan nunawa su ne taliyar shinkafa, da waina mai cike da furen wardi, da wani cuku da ake miƙewa siriri a busar sannan a gasa, da naman kaza na daji da ake tsinta a damina.

Shirin bai shiga wannan ba, amma yankin Dali yana da tsohuwar al'ummar Musulmi 'yan ƙabilar Hui, da masallatai da gidajen abincin halal. A 1856 wani shugabansu mai suna Du Wenxiu ya yi tawaye ga daular Qing, ya mai da Dali hedikwatarsa, mulkinsa ya kai shekara goma sha shida kafin a murƙushe shi da kisan jama'a mai yawa.

A ƙarshe ta bar rayuwarta saboda namiji ke nan?

Wannan ce tambayar da aka fi jayayya a kanta, kuma na fahimci masu cewa e. Ita ce ta ƙaura, shi yana nan inda yake.

Amma a duba yadda aka tsara dawowar. Ta koma arewa tukuna, ta zauna da iyayenta, ta duba ayyukan da ke gabanta a birni. Da ta dawo Yunmiao, ta dawo ne da shirin buɗe masaukin baƙi nata, sana'ar da ta fi kowa a garin sani, da kuɗin da ta tara da guminta, da lissafin riba da asara. Yayarta, mace mai zafin nema wadda ba ta ɗaukar wasa, ta yi mata tambayoyi masu tsauri, kuma shirin bai mai da yayar abokiyar gaba ba, domin tambayoyinta daidai ne. Hongdou ta tabbatar cewa ko da soyayyar ta watse, tana da abin da zai tsayar da ita a wurin. Sai bayan ta samu wannan ne ta saki zuciyarta. Shi ya sa nake ganin watannin jinkirin ba a banza suka tafi ba: a cikinsu ne ta gano abin da take so ta yi da ranakunta, sannan ta ga cewa mutumin yana cikin wannan hoton.

Shi ma Zhiyao an kai shi gaban iyayenta, ya zauna a matsayin mai neman yardarsu. Ba a rufe shirin da shagalin biki ba. An rufe shi suna tare, masauki ya fara aiki, iyalai sun san juna. Wasu masu kallo sun ji haushin rashin ganin ɗaurin aure bayan haƙurin kashi 40, kuma ina ganin suna da hujja.

A ina zan same shi, kuma yaya ya fi dacewa a kalle shi?

Yana kan manhajar Mango TV ta ƙasashen waje da kuma Viki, kamfanin Huace ma ya ɗora shi a YouTube, da fassarar Turanci da wasu harsuna a ƙasan allo. Abin da ke buɗewa ya danganta da ƙasar da mutum yake. Kashi 40 na minti 45 awa 30 ke nan, don haka mai sayen data ya rage ƙarfin hoton ko ya sauke da dare lokacin da ta fi araha, ko da yake shimfiɗar tsaunukan ta cancanci a gan ta da kyau ko sau ɗaya.

Kada a yi masa kallon gudu, kada kuma a ƙara saurin bidiyon. Kashi ɗaya ko biyu a dare ya isa. Kashi na farko yana da nauyi saboda rashin lafiya da rasuwar Nanxing, wanda bai daɗe da yin rashi ba ya shirya wa hakan. Sunayen za su rikita mutum da farko, domin kusan rabin ƙauyen sunan danginsu Xie, kuma a Sinanci sunan dangi ne ke zuwa gaba. A riƙe Zhiyao da ƙanensa Zhiyuan a gefe ɗaya, Xiaochun da ƙanenta Xiaoxia a ɗaya gefen, sauran za su zauna da kansu kafin kashi na shida ko na bakwai. Wanda ya kai nan bai ji yana son sanin abin da mutanen gidan za su ci gobe da safe ba, shirin ba nasa ba ne, ya nemi wani mai saurin tafiya.